Wayar Firij

A jikin murfin akwatin wutar gidan, can bayan ƙofar falo, akwai rubutu da jan fenti: KASHE BABBA, SANNAN KA TAƁA. Marigayi mai gidan ne ya rubuta, kuma yaran gidan sun haddace shi tun kafin su iya ɗaura igiyar takalmi. Babba shi ne makunnin nan mai baƙin hannu da ke ɗauke wutar gidan gaba ɗaya. Marigayi ma'aikacin gidan waya ne, bai taɓa zama gaban wani ya koyi aikin wuta ba, amma tunda ya gina gidan bai bar mai gyara ya taka masa tsani ba. Mutane suna cewa hannunsa na da albarka. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda shekarun da ta yi tana koyarwa, ba ta taɓa musa musu ba. Ta dai lura cewa masu faɗin haka ba su taɓa kwana ƙarƙashin fankar da ya ɗaura ba.

Shekara biyu da rasuwarsa, Auta ya ce zai gyara mata kicin. Shekarunsa talatin da takwas, yana da tumbi da 'ya'ya biyu da kujera mai juyawa a ofis, amma a gidan nan Auta ne. Ya ce zai cire tsofaffin wayoyin da suka bi bango kamar jijiyoyi, ya toshe ramuka, ya shafa fenti, ya sa sababbin soket.

"Fentin dai ka shafa," in ji Malama. "Wutar kuwa ka kira mai ita."

"Mama, Baba ya taɓa kiran wani?"

"Babanka ya yi abubuwa da yawa da Allah ya rufa masa asiri a kansu."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take. Ita kuwa ba wasa take ba. Kicin ɗin bai dame ta ba, a haka ta yi girki shekara da shekaru. Ɗan ne ya dame ta.

Ranar Asabar da hantsi ya iso da matarsa, sun bar yara a gida. Ya jawo akwatin kayan aikin ubansa daga ƙarƙashin gado, ya fito da tsohuwar filaya wadda aka naɗe hannunta da baƙin salatif. Matar ta miƙo masa wani ɗan abu kamar sukudireba, mai ƙaramar fitila a ciki.

"Ga testa na sayo maka. Mai shagon ya ce in ka ɗora a kan waya ta kawo ja, to akwai wuta."

"Ajiye kayanki, uwargida. Baba yana cewa testa ta matsorata ce."

"To ai ni matsoraciya ce. Ni zan zauna da marayu."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji shi, yana dariya. Ta ajiye testar a bakin taga.

Ya je bayan ƙofa, ya ɗan tsaya gaban jan rubutun kamar mai gaisuwa, ya ja Babba ƙasa. Fanka ta yi juyi uku ta tsaya. Rediyon Malama ya katse a tsakiyar magana.

"Gida ya mutu," ya faɗa da ƙarfi, yadda ubansa ke yi. Ya hau tsani, matarsa ta riƙe masa.

Malama ta zauna a falo tana naɗe kofunan tangaran da tsofaffin jaridu. Tana jin ƙas ɗin filaya daga kicin: ya yanke waya ta farko. Can ta ji ta biyu. Ta ɗauki wani kofi, sai hannunta ya tsaya. Akwai abin da bai yi mata daidai ba, ta rasa mene ne. Ta saurara. Gidan da aka ɗauke wa wuta tana sane da irin shirunsa, wannan kuwa shirun bai cika ba. Daga lungun da ke tsakanin kicin da ɗakinta, tsohon firij yana ta gurnaninsa, hankali kwance, kamar ba a yi komai ba.

Kofin ya kuɓuce mata, bai fashe ba, ya gangara ƙarƙashin kujera.

Ta tuna. Shekarar da aka ɗora ta kan allurar da ke son sanyi, Marigayi ya kashe Babba tun safe yana gyaran fanka, ya fita neman kusa, ya haɗu da aboki, bai dawo ba sai la'asar. Magani ya lalace. Ta yi masa faɗan da ba ta taɓa yi ba. Bayan kwana biyu ya same ta tana duba takardun jarrabawa, ya ce: "Na yi wa firij hanyarsa daban. Ko na kashe Babba, shi ba ruwansa." Ta ce masa ya kyauta, ba ta ko ɗago kai ba. Har ta ji daɗi. Shekara goma sha tara ke nan. Yaran duk ba sa gida a lokacin, Auta ma yana makaranta a wani gari.

Kuma hanyar nan ta bangon kicin ta bi.

"Auta."

Muryar ba ta fita ba. Ta dafa hannun kujera, gwiwoyin da suka saba sai an lallashe su yau ba ta saurare su ba. Taku goma sha biyu ne daga falo zuwa kicin. Tana jin yana cewa matarsa, "Saura ɗaya, wannan mai kaurin. Ko ina ta nufa oho."

Ta kai bakin ƙofa daidai lokacin da bakin filaya ya kama wayar.

"Sauke han—"

Wani farin haske ya cika kicin ɗin, da ƙara kamar an fasa faranti a cikin kunne. Auta ya taho da baya daga kan tsani, ya faɗa kan buhunan siminti biyu da ya jingina a bango. Matarsa ta zube zaune, bokitin fenti ya kife mata a ƙafa. Wari ya tashi, na roba da ta ƙone. A lungu, firij ya yi wani ɗan tari ya yi shiru.

Ba wanda ya yi kuka. Malama ta tsinci kanta durƙushe a kansa, ita da rabonta da durƙuso tun bara. Idonsa a buɗe, yana kallon silin. Ta ɗora tafin hannu a ƙirjinsa. Ta jira. Ƙirjin ya ɗaga.

"Na kashe Babba," in ji shi, a hankali.

"Yi shiru. Motsa yatsunka in gani."

Ya motsa. Biyu sun yi baƙi, gashin hannunsa ya ƙone har gwiwar hannu.

"Mama, na kashe. Kin gani ai. Na kashe."

"Na gani."

Matar Auta tana zaune cikin fenti ruwan madara, ba ta ko janye ƙafa ba. Filayar ta faɗi kusa da ita. Ta ɗauka ta juya: a bakinta an ci wani rami kamar ƙwayar wake, ƙarfen ya narke ya daskare. Ta dube shi, ta dubi mijinta, ta sake duban ramin.

Maƙwabci ne ya kai Auta asibiti aka ɗaure masa hannu, ya kuma turo musu mai gyaran wuta. Wani siririn dattijo ne mai tabarau, marar yawan magana. Kafin ya taɓa komai sai da ya ɗora testa a kai, har da abin da kowa ya san ya mutu. Ya buɗe akwatin bayan ƙofa, ya haska, ya daɗe yana kallo. Auta na tsaye bayansa da hannu a naɗe.

"Zo ka gani. Wannan wayar an ɗauko ta ne tun kafin wuta ta shiga Babba. Ko sau ɗari ka kashe, ita tana raye. Babu fiyus a kanta, babu komai. Wa ya yi muku wannan aikin?"

Ya juyo ya dubi Auta.

"Ka gode wa Allah wayoyin cikinta biyu ka haɗa da filaya lokaci ɗaya, wutar ta bi ƙarfe. Da ɗaya ka fara kamawa, ta jikinka za ta bi, ta sauka tsani." Ya dubi matar, wadda fenti ya bushe mata a ƙafa. "Ke kika riƙe tsanin?"

Ta gyaɗa kai.

"To da gawa biyu za a ɗauka."

Auta ya jingina da bango. "Baba ba zai yi haka ba. Shi da ya rubuta wancan da hannunsa? Sai dai in wani ne ya shigo bayan..."

Malama ta ga hanya a buɗe. In ta yi shiru kawai, za a ɗora wa wani baƙon da ba a sani ba, ɗanta ya tafi da ubansa cikakke a ransa. Sai dai wanda ya tafi da wannan, wata Asabar zai dawo da wata filayar.

"Shi ya yi," ta ce. "Saboda maganina. Kuma ya gaya mini."

Auta ya juyo gaba ɗaya.

"Kin sani?"

"Na sani na manta. Sau ɗaya ya faɗa, ina aikin makaranta. Na ce ya kyauta." Ta dubi murfin akwatin. "Kullum ina wuce rubutun nan, ban taɓa haɗa su ba. Ni da nake kama yara da kuskuren waƙafi."

Matar Auta ce ta yi magana, murya ƙasa ƙasa: "Mama, yarana suna wasa a lungun nan."

"Na sani, 'yata."

Mai gyara ya yi gyaran murya. "A cire ta ne, ko a mayar da ita bayan Babba?"

"Cire ta. Kuma ka bi gidan nan ɗaki ɗaki, har silin. Duk abin da ya ɗaura, ka duba."

Malama ta nufi kicin da kanta, tana bin bango. Ta tsoma buroshi a ragowar fentin da bai zube ba, ta ɗauko testar daga bakin taga. Auta yana kallo ta tsaya gaban murfin akwatin. Ta fara shafe rubutun, fentin yana ɗiga a ƙasa. Sai da ta shafa sau uku kafin jan ya daina leƙowa. Ta rataye testar a ƙusar da ke gefe.

"Mama," in ji Auta, "rubutun Baba ne fa."

"Na fi ka sanin rubutunsa," ta ce, ta miƙa wa surukarta buroshin. "Samo mini kujera. Ƙafafuna sun ƙi."