Ganyen Shayi Daga Bristol

Wata biyu wasiƙa ke yi a kan teku tsakanin Salem da Bristol, in iska ta yi kirki ke nan. Shi ya sa tun farkon shekara Jabez Pell maƙeri ya rubuta wa tsohuwarsa da ke Bristol, can Ingila, kada ta ƙara aiko masa da ganyen shayi. Shekara goma sha ɗaya ba ta fasa ba. Amma yanzu gari ya rantse ba mai shan shayin Ingila saboda harajin Sarki, wanda aka kama kuwa kwalta ake shafe shi da ita, a bi shi da gashin kaza. Da zafi ya rubuta, har da cewa ta daina jefa shi a masifar da ba ta sani ba.

Sai ga jirgi ya iso da ƙunshi da wasiƙu biyu. Ɗaya rubutunta ne. Ɗayar ta ƙanensa Silas ce, an liƙe ta da baƙin danƙo maimakon ja. Kowa ya san baƙin danƙo mutuwa ce.

Bai kai ga buɗewa ba maƙwabcinsa Enoch, ɗan kwamitin da ke binciken kaya a bakin ruwa, ya ɗaga ƙunshin ya shinshina.

"Maƙwabci, kai kaɗai za ka sha, ko Sarki zai zo taya ka?"

Aka yi dariya. Jabez ya nuna masa danƙon. Enoch ya cire hula, ya yi ƙasa da murya ya ce shi ba ruwansa, amma ido ya riga ya gani. Ko Jabez ya ƙona ƙunshin da hannunsa a gaban jama'a, ko gobe a rufe maƙerar.

A tsaye ya karanta. Tsohuwar ta ce hannunta na rawa, Silas ne ya ɗaure mata ƙunshin, a sha da ɗumi ranar Lahadi. Silas kuma ya ce kwana shida da ɗaurewar tsohuwar ta cika. Wasiƙar Jabez ta same ta da rai, ta sa an karanta mata sau biyu, ta ce duk da haka a aika.

Aka miƙo masa wuta. Ya durƙusa ya cinna. Hayaƙin ya taso da ƙamshin ɗakin girkinta, mutane na tafi, Enoch na dafa kafaɗarsa yana cewa ya yi abin kirki.

Jirgin zai koma Bristol ranar Laraba. Ya sayi takarda, ya rasa wa zai ba haƙuri.