Kujerar Bakin Taga

Malam Hammanjoda ya maka ƙwallon tanis a bango, ta dawo masa hannu. Ya sake makawa, ta sake dawowa. Sannan ya juya ya rubuta a allo da manyan baƙaƙe: BOUNCE.

Haka yake koyar da Turanci tun kafin a haifi yaran nan: kalma ɗaya, ƙwallo ɗaya, wanda aka jefa wa ya tashi ya kawo misali. A da har kokawa ake yi wajen cafewa. Yanzu kuwa, tun da sojoji suka ƙwato Mubi daga hannun 'yan Boko Haram aka sake buɗe makarantar a unguwar Lokuwa, rabin kujerun babu kowa. Shi ma dai bakinsa ne kawai ke aiki. Yakan ji muryarsa kamar daga rediyon maƙwabta take fitowa.

"Ma'ana ta farko kun gani da idonku," in ji shi. "Abu ya daki bango ko ƙasa ya dawo. Ta biyu, ka kai cek banki su dawo maka da shi. Wa zai ƙara?"

Ya jefa wa Mansir, sarkin surutun ajin.

"Malam, idan ka je zance yarinya ta ƙi fitowa, ai ta yi bawunsin ɗinka ke nan."

Aka kwashe da dariya.

"Da gani ka sha ɗanɗanawa. Zauna, ɗan nema." Ko murmushi bai yi ba. Ya ƙara BACK a gefen kalmar. "Wannan kuma mutum ne ya faɗi ya farfaɗo, ko daga jinya, ko bayan asara. Shi ne kuke ji ana ta faɗa game da Mubi."

An yi wa shaguna fenti, kasuwar shanu ta koma ci. Bai ce ƙarya ake yi ba. Shi dai bai ji komai a ransa ba ne.

A layi na uku, bakin taga, akwai kujerar 'yarsa Asta. Ranar da 'yan Boko Haram suka shigo gari ta bi ayarin masu gudu ta daji zuwa iyakar Kamaru. Ayarin ya isa, ita ba ta isa ba. Babu gawa, babu labari. Bai taɓa buɗe baki ya hana kowa zama a wurin ba, amma yaran ba mahaukata ba ne, kewaye kujerar suke yi. A wurinsa, muddin kujerar tana nan babu kowa a kai, to Asta makara kawai ta yi.

Yau sai hannu ya riga hankali. Yana fuskantar allo ya wurga ƙwallon ta gefen taga, yadda ya saba.

"Asta, ba mu misali."

Ya tsaya yana jiran ya ji ƙwallon ta daki katako ta gangara. Sai ya ji caraf, an cafe.

Ya waiwaya. Wata 'yar siririyar yarinya ce, hijabin makaranta ya yi mata yawa. Da safen nan aka kawo ta daga Mayo Bani, babu wanda ya gaya mata komai. Ta miƙe tana raba ido.

"Malam, ni ba Asta ba ne." Sai kuma ta yi ƙarfin hali. "My mother bounce back. Mamana ya yi ciwo a sansanin gudun hijira, ya warke."

"Bounced," in ji shi. "Abin ya riga ya wuce. Daidai ne, zauna."

Aka buga ƙararrawa. Ya ga Mansir ya sunkuya yana yi mata raɗa. Da ajin ya watse ta zo rungume da jakarta, ta ɗan durƙusa ta miƙa masa ƙwallon.

"Malam, ka yi haƙuri. Sun ce kujeran na mutum ne, wallahi ban sani ba. Gobe zan koma baya."

Ya dubi kujerar. Ya jira ya ji fushi ko kuka ya taso masa, babu wanda ya zo.

"Daga baya kina ganin allo?"

"Ba sosai ba. Idona yana da matsala."

"Yaya sunanki?"

"Hapsatu."

"Gobe ki zauna a wurin, Hapsatu."

Ta fita. Ya tsaya shi kaɗai gaban allo yana maimaita sunan a hankali, don kada bakinsa ya sake yin kuskure.