Mataki na Tara

Duk wanda ya gina gidajen layinmu a Leeuwarden, ban yafe masa matakalar nan ba. Mataki goma sha uku ne, a tsaye kamar tsani, ko mai lafiya sai ya dafa. A can sama ɗakin ƙanena Douwe da matarsa Renske yake.

Jinka ce sana'ar Douwe. Wata Talata ya zame daga kan rufi, aka kwashe shi rai a hannun Allah, lokacin cikin Renske wata biyu. Ya yi wata biyar a asibiti kafin a dawo mana da shi, hannun hagu a mace, ƙafar hagu kuma sai ja. Muka kafa masa gado a falo, gaban taga, inda masu wucewa a keke suke ɗaga masa hannu. Ni kuwa na tattara komatsaina na dawo gidan, tunda ba miji gare ni ba, ba kare.

Renske ta ce a gida za ta haihu, yadda aka haife mu. Ungozoma ta ce sai an ɗaga gadonsu na sama, ita ba za ta karya bayanta da sunkuyo ba. Na aro guntayen katakon da ake sa wa ƙafafun gado, na hau da su ina haki, na sauko ina mita.

"Ga gadon Douwe nan da maɓalli, yana hawa yana sauka," na ce wa Renske. "Ki haihu a falo mana, kowa ya huta."

"A gadon jinya?" in ji Douwe. "Aukje, ke dai bakinki ba linzami. A ɗakinmu za a haihu, kuma ina tsaye a wurin."

"Da wace ƙafar?"

"Da taki, in ta kama."

Renske ta yi dariya, sannan ta shige kicin ta buɗe famfo don kada mu ji kukanta.

Tun daga ranar, kowace safiya bayan kofi sai mu nufi matakala, shi a gaba, ni a baya na riƙe ɗamararsa. Hannun dama ya damƙi ƙarfen dafawa, ya ɗaga ƙafa mai kyau, ya jawo ɗayar. Inda ƙarfinsa ya ƙare sai ya zauna, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ja layi a bango. Mataki uku ya ci masa sati. Mai yi masa gashin ƙashi ta taɓa ja na gefe a bakin ƙofa ta ce kada mu sa rai da yawa. Ban gaya wa kowa ba, sai dai na ƙara yi masa tsawa.

Layinsa yana mataki na takwas naƙuda ta zo, saura kwana goma a lissafi. Alhamis ce da hantsi, ana yayyafi. Ungozoma ta jingina kekenta, ta haye sama a guje, ta bar mu a ƙasa.

"Kama ni," in ji Douwe.

Har na biyar bai tsaya ba. A na bakwai rigarsa ta jiƙe sharkaf. Muna jin nishin Renske ta ƙofar da aka bari a buɗe dominsa, tana kira, "Douwe, kana ina?"

"Ga ni nan, 'yar gari! Ki jira ni!"

Ya taka na tara, inda bai taɓa kaiwa ba, sai ƙafar ta ƙi. Ya ja, ya zage ta, na tura da kafaɗa, ko motsi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Muna nan tsaye muka ji kukan jaririya.

Can sai ga ungozoma ta sauko mataki huɗu da ita a cikin tawul. "Mace ce, Baba. Karɓi abarka."

Hannu ɗaya gare shi, kuma yana kan ƙarfe.

"Saki, ina bayanka," na ce.

"In na faɗi fa?"

"Ba za ka faɗi ba, ɗan taurin kai, saki!"

Bai saki ba. Mutumin da ya taɓa faɗowa ne, ni kuma ban isa in ga laifinsa ba. Ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kan tawul ɗin, ya daɗe, sannan ya ce, "Mayar da ita wurin uwarta, nan da sanyi." Kafin mu sauko sai da ya zauna ya ja layinsa.

Da la'asar na shafa wa biskit man shanu, na barbaɗa alewa ruwan hoda don 'yan barka, yadda al'adarmu take in an haihu, ina yi ina share hawaye da gefen hannu. Tausayinsa ya hana ni cin ko ɗaya.

Jildou aka sa mata. Douwe bai daina hawa ba, amma layin nan na tara har yau ba wani a samansa. Jiya na manta ƙyauren da muka sa wa matakala saboda ita a buɗe. Kafin in juya, yarinya ta rarrafa ta kama hawa, na bi ta da hannu a shimfiɗe. Ta wuce layi na uku, ta wuce na bakwai, ta wuce na tara ko kallonsa ba ta yi ba, ta kai sama ta zauna tana ɓangala dariya.

Douwe yana ƙasa ya jingina da bango, yana tafa mata da hannu ɗaya a cinyarsa.

"Aukje," ya ce, ya miƙo min fensir. "Ja mata layi."