Buhu Biyu Daga Gembu

Buhu biyu ne na gahawa jingine da bangon ofishin, kowanne da rubutun Faransanci a jikinsa. Kusa da su Inna Ramatu ta zauna a ƙasa, ta tallafe haɓa. Shekara ashirin tana dafa wa Buzaye da fatake gahawa a kasuwar Illela, yau ga ta an kira ta 'yar fasa-ƙwauri.

Shekara guda ke nan da rufe iyaka, kuma kwamitin da dattawan gari suka kafa don kamen kayan waje ya yanke cewa ranar kasuwa za a cinna wa buhunan wuta a bainar jama'a. Abin da ya rage kawai sa hannun malamin gona.

"Malam Maharazu, ga takarda," in ji Alhaji Malami, shugaban kwamitin. "Sa hannu mu tashi, azahar ta matso."

Maharazu bai karɓi biron ba. Watansa huɗu da fitowa daga makarantar aikin gona, kuma ya riga ya gaji da sa hannu a kan abin da ba wanda ya duba. Ya kwance bakin buhu, ya ɗebo ƙwayar a tafinsa.

"Ranka shi daɗe, wa ya buɗe buhun nan?"

"Buɗewar mi? Ba ka ga rubutun ba?"

"Na gani. Buhun geron gidanmu ma rubutun Faransanci gare shi, kuma a nan Lafani, kusa da mu, aka noma shi. Duk garin nan da tsofaffin buhunan Ƙonni ta Nijar muke aiki."

"Na faɗa musu, ɗana," in ji Ramatu. "Ƙanena direba ne, daga Gembu yake kawo mini. Buhunsa ya yage, na juye cikin nawa."

Maharazu ya baza ƙwayar a kan takardar. "Ku duba. Doguwa ce, tsagar tsakiyarta a karkace. Wannan irin sai kan dutse mai sanyi, kamar Mambila, inda Gembu take. Wadda ake shigowa da ita daga Abijan ta ƙasar zafi ce, kewayayyiya, tsagarta a miƙe."

Alhaji Malami ya yi dariya, ya dubi sakatarensa. "Maccido, ka ji boko. Gahawa ma yanzu tana da fasfo."

"Tana da shi, ranka shi daɗe, a harshe ake karanta shi. Inna, ina kayan aikinki?"

Rumfarta ba nisa. Ta dawo da kurfoti da kasko da ƙaramin turmi, ta hura gawayi a bakin ƙofa. Ta soya ƙwayar tana juyawa har ta yi ja, ta fara ƙara kamar gyaɗa. Ƙanshi ya cika ofishin, masu wucewa suka tsattsaya a taga. Ta daka, ta miƙa hannu ga ƙullin citta da kanumfari.

"Bar su, Inna," in ji Maharazu. "Kada a ce yaji ne ya rufe ɗanɗanon. Kada kuma ki bar ta ta yi ta tafasa, sai ɗaci ya danne komai. Zuba mata ruwan zafi, ta ɗan kwanta."

Maccido ne ya fara kurɓa. Ya juya ta a baki. "Akwai ɗan tsami-tsami. Kuma ba ta kama maƙogwaro."

"Ita ce shaidar. Ta ƙasar zafi ɗaci ne zalla, kamar an jiƙa ƙonannen itace."

"Wa ya ce?" Alhaji Malami ya ture finjalin da aka miƙa masa. "Kai yaro, gahawa gahawa ce. Ka taɓa shan ta Abijan ɗin, ko a littafi ka gani?"

"Na sha. Amma maganata ba hujja ba ce, na yarda. Da akwai ta a nan da mun gwada su gefe da gefe. Tun da babu, ba zan sa hannu a ƙona abincin tsohuwa saboda rubutun buhu ba. A kai ƙarata duk inda za a kai."

"Ni za ka koya wa? Ni da kullum safe ta Abijan ɗin nake sha!"

Alhaji Malami ya fizgo aljihun teburinsa, ya fito da gwangwani, ya buga shi a kan takardar. "Ga ta nan! Maccido, dama ta, a ga ƙaryar boko."

Maccido ya ɗauki gwangwanin. Sabo ne ful, ko rabi ba a sha ba. Ya juya shi a hannu, idonsa ya tsaya a kan rubutun Faransancin da ke jiki, sannan ya ɗaga kai ya dubi mutanen da ke taga. Su ma gwangwanin suke kallo. Wani daga cikinsu ya yi tari.

Duk da haka Maccido ya dama, ba madara ba sukari, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"To?" in ji Maharazu.

"Ba ɗaya ba ne, ranka shi daɗe," in ji Maccido a hankali.

Maharazu ya jawo takardar, ya karɓi biron. A ƙasanta ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa buhunan biyu amfanin gonar Najeriya ne, ya sa hannu. Sai ya ɗaga biron sama, bai rufe shi ba.

"Saura wanga gwangwani. In rubuta asalinsa shi ma?"

Daga masallacin kasuwa aka fara kiran salla.

"Ramatu," in ji Alhaji Malami, bai dube ta ba, "kwashe kayanki."

Ba ta yi sauri ba. Ta kashe gawayin, ta ɗauraye finjalanta ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan wanda ya ture, ta ga bai huce ba, sai ta matsar da shi gabansa.

"Sha, Alhaji," ta ce. "Wagga ba sai ka ɓoye ta ba."