Sufeton da Matata Ke So

Mai gyaran ya ja zaren kaset ɗin da yatsu biyu, zaren ya biyo shi a cukurkuɗe kamar hanjin kaza. Ya dubi Glenys Pascoe ta saman tabarau.

"Wannan kam ya riga mu gidan gaskiya, Misis."

"Kai ka ce in ba ka mako uku."

"Na ce zan gwada, kuma na gwada. Inji ya tauna rabi, danshi ya cinye saura. Wai wane fim ne haka? Ki duba a waya mana, yanzu me ye babu?"

"Babu shi," in ji Glenys. Jikarta ta riga ta duba ko'ina. Gidan talabijin ɗin da ya yi shirin ya goge nasa tun da daɗewa, sai wanda mutane suka naɗa a gida ya rage.

Ta kwashe gawar kaset ɗin ta zuba a jaka, kusa da lemo guda da ta saya da safe. Agogon shagon ya nuna ƙarfe ɗaya saura kwata. Da ƙarfe huɗu kan mijinta yake rufewa, daga nan ko sunansa ba ya amsawa sai gobe. Ta fito da sauri, ta tari motar unguwar Eaglehawk har direba ya fara rufe ƙofa.

Mutum goma sha ɗaya ne suka taɓa fitowa a matsayin Sufeto Kendrew, mai binciken nan na tsofaffin littattafai da ke ɓare lemo duk sa'ad da ya gano mai kisa. Amma a ƙungiyar masoyansa ta garinsu Bendigo biyu kawai ake faɗa a kansu. Akwai Lionel Farrant na shirin baƙi da fari, dogo, busasshe, ba ya dariya. Akwai Rupert Vance na finafinai masu kala, mai gashi kamar na talla. A wannan ƙungiya Glenys ta haɗu da Merv, shekara arba'in da huɗu da suka wuce. Ta miƙe ta ce Farrant yana tafiya kamar an ɗaure masa katako a baya. Wani saurayi mai gyaran layin dogo ya miƙe ya ce Vance ɗan kwalliya ne, ko lemo bai iya ɓarewa ba, sai an kawar da kyamara wani ya ɓare masa. Suka yi cacar baki har aka kashe fitila. Bayan wata takwas aka ɗaura musu aure, kuma ba ranar da ɗaya ya sakar wa ɗaya.

Yanzu shekara biyu ke nan Merv yana gidan kula da tsofaffi, cutar mantuwa tana ci masa kai kaɗan-kaɗan. Ta cinye sunayen 'ya'yansa, ta cinye gidansu, daga baya ta cinye fuskar Glenys. Abu ɗaya ta bari. In an sa masa Farrant, sai hannunsa ya nemi lemo, ya ɓare shi a tsiri ɗaya ba tsinkewa kamar yadda Sufeto ke yi, sa'an nan ya juyo ya ce, "Kin gani ko, Glen? Wannan shi ne Sufeto. Naki ɗan kwalliya ne."

Wannan "Glen" ɗin shi take ci ta ƙoshi har mako ya zagayo. Yau mako uku ba ta ji shi ba.

Mutum ɗaya ne a duk garin yake da irin kaset ɗin, kuma kowa ya san halinsa. Athol Briggs ya buɗe ƙofa iya faɗin hancinsa.

"In dai kaset ne, ba na ba da aro. Ko Firayim Minista ne ya zo da kansa."

"Ko gaisuwa babu, Athol?"

"Barka da rana. Ba na ba da aro." Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke da kika ce mutumin yana tafiya kamar katako? Yau kuma kin tuba?"

"Har gobe kamar katako yake tafiya. Na Merv ne ya lalace."

"Na sha gaya masa ya daina ajiye shi kusa da taga. Bai taɓa jin magana ba, shi ya sa ya aure ki."

Da a ce wata rana ce, da ta ba shi amsar da zai kwana yana tunawa. Yau bakinta ya ƙi. Ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"Mako uku bai kira sunana ba, Athol. Shekaranjiya ya tambaye ni ko ni ce mai canja zanin gado."

Athol ya kawar da kai. Shi da Merv gefe ɗaya suke a ƙungiya, su ne masu buga tebur in an taɓa Farrant. Amma tun da aka kai Merv gidan tsofaffin Athol bai taka ƙafa can ba ko sau ɗaya. Kullum gwiwa ce, ko mota, ko ruwan sama.

"Kaset ɗina ba ya fita gidan nan ba tare da ni ba," ya ce a ƙarshe. "Kuma ba zan sa shi a wancan injin na gidan tsofaffi mai cin kaset ba. Riƙe min ƙofa."

Ya fito rungume da injinsa na kallon kaset a cikin bargo kamar jariri, kaset ɗin kuma a aljihun ƙirji. Akori-kurarsa sai da ta yi tari sau uku kafin ta tashi. Ƙarfe biyu da rabi.

"Taka ta mana," in ji Glenys.

"Injin kaset ɗin nan ya girmi 'yarki. Ba a girgiza shi."

"Ko keke ya wuce mu, Athol."

"Ya je, sai mun zo."

A mahaɗar layin dogo sandar tare hanya ta sauko a gabansu, ƙararrawa na kaɗawa. Jirgin kaya ne, dogo, ba alamar ƙarshensa. Glenys ta dubi agogo, ta sake duba. Athol ya ƙura wa taragun ido, yatsunsa na buga sitiyari.

"Ya rame?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Ya rame."

"Zai gane ni?"

"Ni ma bai gane ni ba, balle kai da wannan fuskar."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Uku da kwata suka shiga harabar gidan.

Losana, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɓangaren Merv, ta tarye su a baranda. 'Yar Fiji ce, mai faɗin kafaɗa da faɗin murmushi.

"Anti Glenys, kin zo a daidai. Yau ya cinye abincin rana tas, har ya ce miyar ba gishiri. Wannan kuma saurayinki ne?"

"Allah ya kiyaye," Glenys da Athol suka faɗa tare.

Merv yana zaune kusa da taga cikin rigar sanyi mai ruwan toka da ita ta saƙa masa. An taje masa kai. Ya ɗago, ya yi mata irin murmushin da ake yi wa baƙo mai mutunci.

"Barka da zuwa, Misis."

Ta saba da wannan. Duk da haka sai da ya soke ta.

Athol ya ajiye injin, ya tsaya a gabansa yana murza hula. "Merv, tsohon banza. Ni ne fa."

Merv ya dube shi da kyau, ya dubi injin. "Kai ne mai gyaran talabijin?"

Athol ya gyaɗa kai. "Ni ne," ya ce. Ya durƙusa bayan talabijin ɗin, ya daɗe yana haɗa wayoyi biyu kacal.

Uku da rabi hoton ya fito, yana ɗan rawa. Kiɗan buɗe shirin ya tashi, ga titi jiƙe da ruwan sama, ga doguwar inuwa tana tahowa a miƙe kamar katako. Glenys ta zauna a kujerar da ke gefensa, ta ciro lemon ta sa masa a tafin hannu.

Yatsunsa suka rufe a kai. Babban yatsa ya nutsa a saman ɓawon. Hannun da ba ya iya riƙe cokali ya fara juya lemon a hankali, ɓawon yana saukowa a murɗe, tsiri ɗaya. Ƙamshi ya cika ɗakin. Losana ta tsaya a bakin ƙofa da tiren magani, ba ta shigo ba. A talabijin, cikin hotunan buɗe shirin, Farrant yana tsaye gaban mutum biyar a falo, shi ma yana ɓare nasa.

Ɓawon ya faɗo a cinyar Merv, bai tsinke ba. Ya juyo.

Glenys ta matso kusa.

"Misis," ya ce da ladabi, "don Allah a kashe wannan."

Ta dube shi. "Ba ka so? Farrant ne fa. Naka ne."

"Na san ko wane ne." Ya waiga wajen ƙofa, ya rage murya. "Matata tana hanya. Ba ta son mutumin nan ko kaɗan. Shekara da shekaru ina sa ta kallonsa, tana zama don ni. Ina ganin shi ya sa ta daina zuwa." Ya taɓa hannun Glenys da yatsu masu danshin lemo. "A sa mata nata. Mai gashin nan. In ta ji muryarsa za ta shigo."

Athol ya miƙe tsaye. Ya fita baranda. Ta taga Glenys ta hango shi ya dafa bango da hannu ɗaya, kafaɗunsa suna motsi.

"Anti," Losana ta ce a hankali, "akwai na Vance a falo. Faifai ne, sun kai goma."

Ai ko'ina akwai na Vance. Ba wanda ya taɓa goge shi. Glenys ta gyaɗa kai. Ta tashi da kanta ta danna injin Athol, kaset ɗin da ta ratsa gari dominsa ya fito, ta mayar da shi cikin kwalinsa.

Kala ta cika talabijin. Ga Rupert Vance yana saukowa daga jirgin ƙasa, iska na wasa da gashinsa. Shekara arba'in da huɗu, Merv bai taɓa barin wannan fitowar ta wuce ba tare da ya yi tsaki ba. Yau ya zauna tsaf, ya raba lemon biyu daidai, ya ɗora rabi a kan faranti, ya tura shi can ƙarshen tebur, wajen ƙofa.

"Wannan nata ne," ya ce, don kada baƙuwa ta yi kuskure.

Suka yi kallo. Duk bayan ɗan lokaci sai ya waiga ƙofa. Takun kowa ya wuce a baranda sai ya gyara zama. Huɗu saura kwata. Glenys ta ga idonsa ya fara yin nisa, kamar fitilar da mai ke ƙare mata. Ta share fuska da bayan hannu, ta gyara murya, ta yi tsaki mai ƙarfi.

"Wannan ai ba Sufeto ba ne," ta ce. "Ɗan kwalliya ne. Dube shi, ko lemo bai iya ɓarewa ba, sai an kawar da kyamara."

Merv ya juyo da sauri. Girarsa ta haɗe, tsohuwar wutar nan ta taso a idonsa.

"A'a, Misis, bi a hankali. Lemo kowa ma ya iya ɓarewa. Ki dubi fuskarsa in zai gaya wa mace an kashe mata miji. Shi kaɗai ne a cikinsu yake zama tukuna, ya cire hula, kafin ya buɗe baki. Wancan dogon a tsaye yake faɗa, kamar mai karanta takardar kotu."

Kalmominta ne. Haka ta faɗe su a ɗakin ƙungiya, da teburin cin abinci, da cikin mota, sau ɗari ko fiye, shi kuwa yana toshe kunne.

"Wa ya gaya maka haka?" ta tambaya.

"Matata." Ya matso kusa, yana murmushin mai ɓoye abu. "Ta fi ni gaskiya tun ranar farko. Na sani tun a wurin. Amma in na yarda, me zai sa ta sake tsayawa ta yi min magana?" Ya ɗaga yatsa. "Kada ki gaya mata fa."

"Ba zan gaya mata ba."

Ya gamsu. Ya koma ga kallonsa, ya sa ɓarin lemo a baki. A talabijin Vance ya ƙwanƙwasa wata ƙofa, mace ta buɗe, ya nemi izinin zama.

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna hannun Merv ya sake a kan cinya, idonsa ya bar hoton ya koma kan bango. Athol ya leƙo, idanunsa jajir, yana tambaya da kai ko su tafi.

"Bari ya ƙare," in ji Glenys.

Losana ta shigo kwashe kayan shayi. Ta kai hannu ga farantin da ke ƙarshen tebur.

"Bar shi nan," Glenys ta ce. "Na matarsa ne."