Saba'in da Biyu a Goshin Doki

"Ba inda za ki sai kin fito min da su duka," in ji Ɗanmalam. Ya tare ƙofar zaure, katin jarrabawar 'yarsa Hanan na cikin aljihunsa.

Bakwai da kwata ta yi. Ƙarfe takwas ake rufe ƙofar makaranta, wanda ya makara sai baɗi.

A mafarki ya ga farin doki yana shan ruwa a kogin Binuwai, an rubuta 72 a goshinsa. Dawakin da ake caca a kansu a rumfar unguwar Roumdé Adjia, su can Faransa suke gudu, ko haniniyarsu bai taɓa ji ba. Amma ya sakankance lambobin dawaki ukun da za su zo gaba, in aka ninka su, saba'in da biyu za su bayar.

"Baba, yau fa jarrabawar BEPC ce. In na dawo..."

"In kin dawo an rufe rumfa! Dawaki sha takwas ne kacal, ke da lissafi ke bin jininki."

Uwarta Aisatu ta leƙo daga madafi. "Malam, ka ji tsoron Allah."

"Tsoronsa nake ji. Wa ya nuna min dokin?"

Hanan ta durƙusa, ta ɗauki gawayi tana rubutu a daɓe. Uku, huɗu, shida. Biyu, huɗu, tara. Ɗaya, takwas, tara. Ta ƙaro wasu jeri uku.

"Shida ne, Baba. Wallahi babu saura."

"Shida?" Ya girgiza kai. "Sammai bakwai ne, kwanaki bakwai. Akwai na bakwai, shi ne mai ci. Sake dubawa."

Ta sake, ta kuma sakewa. A waje ƙawarta Rosine ta yi ta kwaɗa kira, har mai babur ɗin da ya ɗauko ta ya gaji ya ja.

* * *

Bayan la'asar Ɗanmalam ya dawo daga rumfar caca, ƙura har gwiwa. Biyar, bakwai da sha ɗaya ne suka ci, lambobin da ba sa rabuwa ga kowa sai kansu.

Hanan na zaune inda ya bar ta, da rigar makaranta a jikinta. Ya miƙa mata katin, gumi ya jiƙa shi har hoton ya dushe. Ya tsuguna kusa da ita, ya yi ƙasa da murya.

"Wataƙila ban karanta goshin daidai ba. Biyar sau bakwai sau sha ɗaya, nawa ke nan?"

Aisatu ta ɗaga tsintsiya za ta share rubutun, sai ta tsaya.

"Ɗari uku da tamanin da biyar," in ji Hanan, ba tare da ta taɓa gawayin ba.