Kujerun Mutanen Buro

Shekara da shekaru Chindo yana aiki a wata meri, wato ofishin magajin gari, a yankin Ƙonni, amma har yau ɗan kwantiragi ne, sabuntawa ake yi masa duk shekara. Albashin dai a bar zancen. Abin da ya riƙe shi a wurin, wallahi, bai wuce kalmar nan ba: "mutanenmu na buro", wato abokan aikin ofis. In aka yi wa ma'aikaci rasuwa, shi ke fara shiga motar meri, shi ke jan addu'a in an isa, don bakinsa ya iya.

To, sai ga shi tsohuwarsa ta rasu a ƙauyensu, can bayan Dogarawa. Ya buga wa sakatare waya, sakatare ya ce Allah ya jiƙanta.

Ranar sadakar uku, Chindo ya aro kujerun roba daga lakwal, makarantar bokon ƙauyen, ya jera su ƙarƙashin itacen bedi, ya goge su da hannun rigarsa. Yayansa Hashimu ya dube shi ya ce, "Kai kuma, tabarmin ba su isa ba?"

"Mutanenmu na buro na tahe, Yaya. Ba su saba da zaman ƙasa ba."

Dattawa suka zo, suka zauna kan tabarmi, suka yi addu'a, suka tashi. Duk wanda ya nufi kujera sai a ce masa ta baƙi ce. Inuwa ta bar kujerun, Chindo ya ja su ya bi ta. Kunya ta ishe shi, ga kewar tsohuwa, ga ba wanda zai gaya wa.

Bayan la'asar sai ga farar mota. Ai kuwa Chindo ya miƙe har yana tuntuɓe, yara na ihu, "Ga su nan!"

Mamane direban meri ne ya fito, shi kaɗai, bai ko kashe motar ba. Ya yi gaisuwa, sannan ya ja Chindo gefe yana sosa ƙeya.

"Ka yi haƙuri, Malam Chindo. Makullin magaza, ɗakin ajiyar nan, aka ce in amso, yana wurinka. Gobe akwai taro."

Chindo ya laluba aljihu, ya miƙa masa. Hashimu da sauran dangi na can tsaye, suna leƙen motar ko wani zai ƙara fitowa.

"Mamane," in ji Chindo, murya ƙasa-ƙasa, "don Allah kashe motar. Zo ka zauna bisa kujera, ko kaɗan ne."